Bashi Da Hukuncin Alƙali

Jama'a, mu 'yan kasuwa da ma'aikata mun iya karɓar bashi da fara'a, amma ranar biya sai fuska ta murtuke. To, ya kamata mu san abin da ke jiranmu gaban alƙali.

A mazhabar Malikiyya, idan bashi ya cinye dukiyar mutum, masu binsa suka kai ƙara, alƙali yakan hana shi taɓa ta, ya sa a sayar. Sai a raba kuɗin gwargwadon haƙƙin kowa: in ana binsa naira dubu 400, aka sami dubu 200, kowa ya tashi da rabin nasa. Akan bar masa tufafinsa da abincin iyalinsa. Wanda ya ba shi kaya bashi, ya tarar da su yadda suke, yana iya ɗauke abinsa; in kuwa mutuwa ya yi, sai dai ya shiga rabo da saura.

Mawadaci mai taurin bashi akan tsare shi har ya biya. Matalauci kuwa ba a ɗaure shi, domin aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta umarce mu da saurara masa.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne, bashin da ya kuɓuce wa alƙalin duniya yana jiranmu gobe Ƙiyama. Allah Ya tsare mu da mutuwa da haƙƙin wani, amin.