Bazden Yara: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki



Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, da yawanmu ba mu damu da sanin ranar haihuwarmu ba sai da muka zo cike fom ɗin WAEC ko JAMB. Bukukuwan da Bahaushe ya tanadar wa yaro sanannu ne: suna ranar bakwai, yaye, kaciya ga maza, sai walimar saukar karatu. Yau kuwa mu ne muka zama iyaye da kawunnai da gwaggwanni, kuma yaran da ke hannunmu sun san ranar haihuwarsu tun kafin su iya ƙirga ɗari. Saura wata guda za su fara tambaya: «Anti, wane irin kek za a yi min?»

Mun san malamai suna da maganganu a kan wannan biki. Akwai masu hani, akwai masu sassautawa idan babu saɓo a ciki, kuma kowa ya san malamin da yake bi. Wanda bai yi ba, bai tauye wa ɗansa komai ba. Maganarmu ta yau da gidajen da suke yi ce, musamman waɗanda suke yi da kuɗin da ba su da shi.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, farashin fulawa da sukari da ƙwai da bota ya kama hawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Idan ka haɗa kek mai hawa biyu da hayar wuri da mai kwalliya da mai hoto da anko, wannan albashi ba zai kai ka ko'ina ba. Duk da haka mun ga uwar da ta karɓi kwasar adashinta ta zuba a bikin yarinya 'yar shekara ɗaya, wadda ta yi barci tun kafin a yanka kek. Mun ga gidan da aka yi sati ana gaba tsakanin mata da miji saboda ya ce ba shi da kuɗin bazde. Idan muka bincika da kyau, yawancin kuɗin nan saboda sitatus ɗin WhatsApp ake kashe su, don ƙawaye da kishiyoyi da dangin miji su gani.

A gidanmu, wanda gidan yawa ne, yara ƙanana sun haura goma. Da za a yi wa kowane irin bikin da ake gani a TikTok, da tuni an sayar da akuyoyin Hajiya. Shi ya sa muka zauna mu matasan gidan muka tsara yadda za mu riƙa yi, kuma ga abin da shekaru suka koya mana.

Abu na farko shi ne lokaci. Muna farawa bayan la'asar, mu tashi kafin magariba. Yaron da ya ci abincin rana a gidansu ba ya buƙatar shinkafa da kaza, ɗan abin taɓawa ya ishe shi. Wannan dabara kaɗai ta sauke mana nauyin da ya fi kowanne. Na biyu, yawan mutane. Yaran gida da na maƙwabta da abokai biyu ko uku na makaranta, shi ke nan. Da zarar an gayyato manya, biki ya tashi daga na yaro ya koma na ƙure adaka, domin babba ne yake duba girman naman da aka sa masa.

Sai abin ci da sha. Maimakon katan-katan na lemon kwalba, muna dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, mu ƙulla a leda ko mu zuba a robobin da muka wanke. Kunun aya ma yara suna so, sai dai ba ya jure zafi, dole a yi shi a ranar a kuma sa masa ƙanƙara, in ba haka ba ya yi tsami kafin baƙi su zo. Cincin da gullisuwa da alawar madara ana iya yin su kwana biyu kafin ranar. Gugguru kuwa, gwangwani ɗaya na masararsa da ɗan mai da sukari yana cika babbar roba. Idan lokacin kankana ne, guda ɗaya a yayyanka ta ishi yara da dama. Wanda ke Kano ya san sari a kasuwar Singa ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa, kayan marmari kuma 'Yan Lemo. Idan gidaje biyu suka haɗa kuɗi suka saro, kowa ya samu rangwame.

A nan akwai abin lura: gyaɗa da gugguru da alawa mai tauri suna iya maƙale wa yaron da bai kai shekara huɗu ba, haka ma ɓarɓashin balan-balan da ya fashe. A ware wa ƙananan abin da ya dace da su, a kuma sa babba ɗaya ya zuba ido.

Kek shi ne abin da yara suka fi ɗokin gani, kuma ba sai da oben ake yin sa ba. Iyayenmu sun daɗe suna gasawa da yashi. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a rufe a ɗora a wuta ya yi zafi. A buga bota da sukari har su yi fari, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a zuba fulawar da aka tankaɗe da bekin fauda. Kofi biyu na fulawa da kofi ɗaya na sukari da ƙwai huɗu da bota sun isa kek madaidaici. A shafa mai a gwangwani, a zuba ƙullun kada ya wuce rabi, a ɗora a kan yashin a rufe, wuta kaɗan-kaɗan. Idan aka soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Mun lura cewa idan aka bar mai bikin ya fasa ƙwai ko ya jera alawa a saman kek ɗin da hannunsa, ya fi alfahari da shi a kan wanda aka sayo. Zai yi ta gaya wa abokansa cewa da shi aka yi.

Inda muka fi samun riba shi ne wasanni, kuma ko sisi ba ma kashewa. Yaran yanzu da yawa sun san Spider-Man amma ba su taɓa yin langa ba. Sai mu raba su: maza su yi langa, mata su yi carafke da 'yar gala-gala da gaɗa, sannan a haɗu a yi 'yar ɓuya. Idan sun gaji a shimfiɗa tabarma a shiga kacici-kacici, wanda ya ci a ba shi alawa ko fensir. Daga ƙarshe mu roƙi Hajiya ta ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ranar da ta fara yi, yaran maƙwabta sun ƙi tafiya gida sai da iyayensu suka aiko. Ita ma ta ji daɗi, don ta ce rabon da a zauna a saurare ta haka tun kafin talabijin ya shigo gidan.

Kwalliya kuwa, tsohon zanen gado mai tsabta a jikin bango, da balan-balan leda ɗaya, da sunan yaro da aka yanka da takardar kwali, sun wadatar. Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto. Wata shekarar ma ba a yin komai a gida, sai mu kwashi yaran zuwa gidan zu na Audu Bako ko gidan tarihi na Gidan Makama, ɗauke da zoɓonmu da cincin. Wanda ke wani gari ya duba abin da garinsu yake da shi.

Akwai wata al'ada da ta fi damunmu, wato kai ƙunshin kyaututtuka aji a makarantun kuɗi. A aji ɗaya akwai ɗan mai hali, akwai wanda da ƙyar aka biya masa kuɗin zango. Idan yau an raba jaka mai ɗauke da lemo da biskit da abin wasa, gobe ɗan talaka zai koma gida ya tsare uwarsa da kuka. Wata uwar za ta ci bashi, wata kuma za ta hana shi zuwa makaranta ranar don kada a yi masa dariya. Muna roƙon masu makarantu su sa iyaka, ko dai a hana gaba ɗaya, ko a ce biskit ɗaya ga kowane yaro. Mu ma iyaye da 'yan uwa mu riƙa tuna ɗan wani idan muna shirya wa namu.

Yaro yana koyon darajar kuɗi ne daga abin da ya ga ana yi a gabansa. Wanda ya saba da cewa ƙauna tana zuwa ne a cikin kwalin kek mai tsada, zai girma yana auna ta da haka, ranar da babu kuma ya ɗauka an daina son sa. Wanda ya ga gwaggonsa ta tashi da sassafe tana tace zoɓo saboda shi, kawunsa ya bar abin da yake yi ya zo yana tsalle da ƙafa ɗaya a wasan langa, ya san yana da mutane. Kuma kafin a watse, kada a manta a tara yaran a yi wa mai ranar addu'a, a aika wa maƙwabtan da ba su samu zuwa ba nasu kason.

Ku ma ku faɗa mana yadda kuke yi a gidajenku, da wasannin garinku da ba mu ambata ba. Allah ya raya mana su, ya hore mana abin da za mu kula da su.