Jarka a Layi, Lamba a Waya



Ya ɗan'uwa mai karatu, a ƙasar Amurka akwai wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney, inda jama'a ke biyan kuɗi su shiga su hau lilo da jiragen wasa iri-iri. Saboda cunkoso, mutum kan shafe awa ɗaya ko biyu a tsaye domin hawan da bai wuce 'yan mintuna ba. A 1999 kamfanin ya fito da wani tsari mai suna FastPass: na'ura za ta ba ka 'yar takarda ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi harkarka, idan lokacin ya yi ka shiga ta gajeriyar hanya. Kyauta ake bayarwa, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu. A 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, wanda ya fara da dala 15 a rana a Florida. A 2024 kuma aka fito da wani tikiti na musamman a Disneyland ta Kalifoniya a kan dala 400 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, ban da kuɗin shiga, wanda mai shi ba ya ma buƙatar kama lokaci. Yana zuwa yake wucewa.

Rabin farko na wannan labari ba baƙo ba ne gare mu nan bakin tafkin Kainji. Wace yarinya ce a Ngaski ko Wara ba ta san a jera jarka a bakin rijiyar burtsatse tun da asuba, a koma gida a yi shara, a dawo a tarar layi ya matso ba? Jarkar ita ce takardar, kuma babu mai taɓa ta. A makarantarmu ta Islamiyya ma haka yara ke yi: mai son biya hadda da wuri yakan ajiye littafinsa a gaban tabarmata ya tafi alwala. Wata rana rigima ta tashi tsakanin yara biyu, domin ɗaya ya ba ƙanensa littafi ya ajiye masa, shi kuwa yana gida yana cin tuwo. Da na tambayi ajin, kusan baki ɗaya suka ce littafin wanda ya zo ya fita yana da hakki, na wanda bai zo ba kuwa ba shi da shi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yaran ba su san sun faɗa kan mas'alar da malamai suka daɗe da tattaunawa ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, hadisin da ke nuna cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sannan ya dawo, shi ya fi cancanta da wurin. A ɗaya ɓangaren kuma Shaihul Islami Ibnu Taimiyya ya yi inkarin al'adar aika darduma masallaci a shimfiɗa a sahun farko alhali mai ita bai zo ba, domin ya tare wa wanda ya yi sammako wurin da shi ne ya cancance shi. Haka nan lokacin da aka nemi a gina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin inuwa a Mina, bai yarda ba, ya nuna cewa wuri ne na wanda ya riga isa.

Amma hadisin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sahlu ɗan Sa'ad da ke cikin Buhari da Muslim. An kawo wa Annabi abin sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Tunda na dama ake fara bai wa, sai ya nemi izinin yaron ko zai bari a fara ba manya. Yaron ya ƙi, saboda ba ya son wani ya riga shi samun ragowar Annabi, kuma aka miƙa masa. Duba fa, mafificin halitta ne ke neman izinin yaro a kan layi! Ashe zagayen mutum hakkinsa ne, shi ke iya yafe shi, ba wani ba.

Da wannan ma'auni nake kallon abin da na gani a Yawuri a watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Na je wani banki bayan sallar asuba na tarar an riga an rubuta lambobi, tawa ta haura ɗari. Rubuta lambar alheri ne. Tsofaffi sun samu sun zauna a inuwa maimakon tsayuwa a rana. Sai dai kafin hantsi wasu samari da suka kwana a wurin sun fara sayar da lambobin farko, wani ma yana riƙe da uku. Akwai wata dattijuwa da ta tsallako daga ƙauye da jirgin ruwa, lambarta ba ta motsa ba, amma mutanen da suka zo bayanta da awanni suna shiga suna fita. An rufe ƙofa ba ta samu ko sisi ba.

Mai jarka yana jira, a gida kawai yake yin jiransa, kuma bai ƙara wa kowa ko minti ɗaya ba. Mai sayen gaba kuwa, lokacin da ya rage wa kansa daga wuyan na bayansa aka cire shi, tunda kujerun lilon ba su ƙaru ba, kuɗin da ke cikin bankin ma ba su ƙaru ba. Kuma kuɗin da ya biya ba su shiga aljihun waɗanda aka ƙara wa jira ba. Ba fatawa nake bayarwa a kan Disney ba. Wurin kasuwancinsu ne, sun bayyana sharaɗinsu tun a ƙofa, kuma babu wanda zai kwana da yunwa don bai hau lilo ba. Tsorona shi ne yadda ɗabi'ar ke saukin ƙaura zuwa asibiti da gidan mai da wurin rabon taki, inda na baya ba don nishaɗi ya zo ba.

Kada kuma wani ya fahimci cewa ina ƙin tsarin kama lokaci. Mu da muka ga abin da ya faru a ranar 26 ga Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwan da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse aka ceto kimanin 20 kawai, mun san illar lodin da ya wuce kima. Idan mutum ba shi da tabbacin akwai jirgi na gaba da gurbinsa a ciki, ko ya ga ruwa ya kusa bakin jirgi zai shiga. Allah Ya jiƙansu, Ya kuma jiƙan alhazanmu fiye da 200 da suka rasu a turmutsutsun Mina na 2015.

Yanzu shiga Rauda a masallacin Annabi a Madina da izini ne, wanda ake nema ta manhajar Nusuk, a ba ka rana da sa'a. Kyauta ne, kuma ya rage turereniyar da aka sani a da. Sai dai jarka kowa na da ita, babbar waya da iya karanta ta kuwa ba kowa ba. Manomin da ya tara kuɗin shinkafarsa shekara da shekaru ya tafi Hajji da ƙaramar waya mai maɓalli, ba zai ga gurbin da ya buɗe da tsakar dare ba, sai ɗan boko ya riga shi. Ku matasa da ke karanta wannan, idan mahaifi ko maƙwabci zai tafi, ku zauna da shi kafin ya bar gida, ku tabbatar akwai wani a tawagarsu da zai buɗe masa manhajar da lambar fasfonsa ya kama masa lokaci da sunansa.

A ajinmu dai mun tsaya a kan cewa littafi yana riƙe wa mai shi wuri muddin ya zo da ƙafarsa ya ajiye, kuma bai wuce tsawon alwala ba. Yaron da ya aiko ƙanensa ya koma na goma sha huɗu a ranar, ƙanen kuwa na ba shi na uku, tunda shi ne ya zo.