Hoton Soja a Hannun Ɗansa

Aminina,

 Mu nan Dublin alhamdu lillahi, sai ruwan sama ba dare ba rana da sanyi mai ratsa ƙashi. Saƙonka ya iso tun makon jiya. Ban so in amsa maka a tsaitsaye ba ne, domin tambayar ta fi ƙarfin layi biyu a waya. Ka ce mutanen nan da suka sha yaƙin sunƙuru, idan wanda ya taɓa riƙe bindiga ya ajiye ta ya fito neman kujera, suna ba shi kuwa? Na san inda tambayar ta fito, muhawarar tubabbu ce da ba ta ƙarewa a majalisarku ta bayan la'asar. To, bari in ba ka labarin mutum ɗaya, Martin McGuinness, da zaɓen shugaban ƙasa na 2011. Har gobe idan aka ambaci sunansa a ɗakin shan shayi na wurin aikinmu, sai ka ga fuskoki sun canza.

Ka san tsibirin Ailan a rabe yake: gundumomi 26 na kudu su ne Jamhuriya, shida na arewa kuma suna ƙarƙashin Birtaniya. A arewar ne aka yi kusan shekara talatin ana zub da jini, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998, aka rasa rayuka sama da 3,500. Ƙungiyar IRA, mai neman korar Birtaniya da haɗe tsibirin, ita ta fi kowane ɓangare kashe mutane a rikicin. An haifi McGuinness a 1950 a birnin Derry, ya tashi a unguwar talakawa ta Bogside, har ya yi aiki a shagon mahauci yana saurayi. Ranar 30 ga Janairun 1972 da sojojin Birtaniya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a unguwar tasu suka kashe mutum 13 nan take, shi ne na biyu a shugabancin IRA a garin. Da bakinsa ya faɗi haka a gaban kwamitin bincike shekaru bayan nan. A 1973 wata kotu a Dublin ta ɗaure shi wata shida.

Wannan mutumin dai shi ya jagoranci tawagar jam'iyyar Sinn Féin a zaman da ya haifar da yarjejeniyar sulhu ta Afrilun 1998. Ya zama ministan ilimi a Arewa, sannan a watan Mayun 2007 ya zama mataimakin shugaban gwamnati, kafaɗa da kafaɗa da Ian Paisley, limamin cocin da ya yi shekara da shekaru yana la'antarsu a kan mumbari. Mutanen Kudu sun yi murna da wannan matuƙa. Kashi 94 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'arsu ne suka amince da yarjejeniyar.

Sai ga shi a Satumban 2011 ya ce yana neman shugabancin Jamhuriyar kanta. Nan fa aka ji ɗuriyar abin da ke cikin zukata.

Kada ka auna kujerar nan da irin tamu. Mulki a hannun firayim minista da majalisa yake. Shugaban ƙasa yana sa hannu a dokoki, yana iya tura wadda yake shakka a kanta zuwa kotun ƙoli, yana karɓar baƙi, amma ko ƙasar waje ba ya fita sai da izinin gwamnati. Wa'adinsa shekara bakwai. Na sha bi ta gaban fadar a dandalin Phoenix ranar Lahadi: farin gida ne can nesa bayan ciyawa, barewa na kiwo a filin, ba shingen soja, ba jiniya. Kujera ce wadda ba kwangila a cikinta, mutunci ne zalla. Abu ɗaya kuma da ya zama ƙashin kifi a wuyan McGuinness: a tsarin mulki, shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa. Sunan rundunar sojan ƙasar a harshensu na gado, Óglaigh na hÉireann, shi ne kuma sunan da IRA take kiran kanta da shi, domin a ganinta ita ce halattacciyar runduna. Ka ga ke nan tambayar ta zo da kanta: wace runduna ce tasa?

Wanda ya yi masa tambayar a zahiri ba ɗan jarida ba ne, ba kuma abokin hamayya ba. A watan Oktoba ya je yawon neman ƙuri'a a Athlone, garin da ke da babban barikin soja a tsakiyar ƙasar. Yana cikin gaisawa da jama'a a wata cibiyar kasuwanci, sai wani magidanci ya sha gabansa riƙe da hoton mahaifinsa cikin kakin soja. Mahaifin, Patrick Kelly, ƙaramin soja ne da aka harbe a Disambar 1983 a dajin Derrada da ke gundumar Leitrim, tare da wani matashin ɗan sanda mai koyon aiki, Gary Sheehan, lokacin da suka je ceto wani shugaban kamfanin kantuna da 'yan IRA suka sace suka riƙe kimanin mako uku. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Ɗan ya ce abin da yake so shi ne sunayen waɗanda suka kashe ubansa, kuma ya yi imani McGuinness ya san su. Shi kuwa ya ce bai sani ba. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Mutumin bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Hoton kawai ya riƙe daidai ƙirjinsa, yadda duk inda ɗan takarar ya kai ido sai ya haɗu da fuskar mamacin. Wallahi, aminina, duk lokacin da na gani sai jikina ya yi sanyi, domin yana ƙaramin yaro aka kawo masa gawar uba ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare, mutumin Derry ne, shi kuma ta wata fuskar yake kallon abin, kuma ba na raina maganarsa. A cewarsa mutanen Kudu sun yi baki biyu. Sun tafa wa McGuinness da ya hau mulki a Belfast, sun ce wa Furotestan Arewa, waɗanda su ne suka binne 'yan uwansu da yawa, su daure su zauna da shi teburi ɗaya don zaman lafiya. Amma da ya ƙetaro iyaka, sai ya zama mai jini a hannu. Yakan ƙara da cewa ai ita Jamhuriyar ma da bakin bindiga aka kafa ta. Éamon de Valera kwamanda ne a boren Ista na 1916, an yanke masa hukuncin kisa aka sassauta, ya kasance a ɓangaren da ya yaƙi sabuwar gwamnati a yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923, kuma ya zauna a wannan farin gida daga 1959 har 1973. Wanda ya gada ma, Seán T. O'Kelly, da shi aka yi boren 1916.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ka lissafa da ni: tsakanin ƙarshen yaƙin basasa da hawan de Valera shekara 36 ne, amma IRA a 2005 ta lalata makamanta, shekara shida kacal kafin zaɓen. Ciwon bai ko yi ɓawo ba. A lokacin zaɓen, matar Jerry McCabe, ɗan sandan da aka harbe a Adare a 1996, tana nan da ranta tana kallon talabijin.

Abin da ya fi komai cutar da shi, a ganina, maganar 1974 ce. Ya dage cewa a shekarar ya bar IRA. Kusan ba wanda ya yarda, har cikin masu ƙaunarsa, domin darajarsa a teburin sulhu ta zo ne daga imanin da kowa ya yi cewa idan ya yi magana masu bindiga za su ji. Da ba shi da wannan iko, da me ya jawo su suka ajiye makami? Ya so a ba shi ladan sulhu, amma shekarun da suka ba shi ikon yin sulhun ya so a tsallake su. A wata muhawara ta gidan talabijin na RTÉ, 'yar jarida Miriam O'Callaghan ta tambaye shi yadda yake daidaita imaninsa da Allah da hannun da aka ce yana da shi a kisan mutane masu yawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, magoya bayansa suka ce an yi masa rashin adalci. Ni dai ban ga laifin tambayar ba. Wanda yake so ya zama fuskar ƙasa, dole ya iya tsayuwa a gaban marayunta.

Aka jefa ƙuri'a ranar 27 ga Oktoba, 'yan takara bakwai. Michael D. Higgins, mawaƙi kuma tsohon minista, ya lashe. McGuinness ya zo na uku da kashi 13.7, ƙuri'u sama da 240,000, ya wuce ɗan takarar jam'iyyar Fine Gael mai mulki a lokacin nesa ba kusa ba. Shi kansa bai samu jefa ƙuri'a ba, don mazauna Arewa ba sa zaɓen shugaban Jamhuriya. Kuma shi ne, kwana uku kafin zaɓe, ya tayar wa Seán Gallagher da ke kan gaba maganar wani cakin kuɗin jam'iyyar Fianna Fáil a muhawarar ƙarshe, abin da ya taimaka wajen kifar da shi.

Kada ka ɗauka ƙofa a rufe take gaba ɗaya. Martin Ferris, da aka kama a 1984 da jirgin ruwa maƙare da bindigogi, mutanen Kerry sun tura shi majalisa daga 2002 har 2020. A zaɓen 2020 Sinn Féin ce ta fi kowace jam'iyya ƙuri'ar zaɓin farko, ƙarƙashin Mary Lou McDonald wadda ba ta taɓa riƙe makami ba. Wakilci suna bayarwa, su ce je ka yi mana magana a kan gidaje da asibiti. Farin gidan ne suka riƙe. A 2018 'yar takarar jam'iyyar ba ta kai kashi bakwai ba, a 2025 kuwa ba su tsayar da kowa ba, suka mara wa Catherine Connolly baya ta ci.

Ina ganin daidai suka yi a 2011, amma ba zan ɓoye maka ba, mutumin yana da girma a idona. Ya koma aikinsa a Belfast bai yi fushi da sulhu ba. A Yunin 2012 ya miƙa wa Sarauniya Elizabeth hannu, ita da IRA ta kashe ɗan uwanta Mountbatten a 1979. Da ya rasu a Maris ɗin 2017, Higgins ɗin da ya kayar da shi ya je jana'iza, Bill Clinton ya yi jawabi. Arlene Foster, shugabar masu goyon bayan Birtaniya, wadda 'yan IRA suka harbi mahaifinta tana yarinya, ta shigo cocin, mutanen Bogside suka tafa mata. Dattijon nan abokin aikina yana wajen cocin ranar, ya ce bai san hawaye na zubo masa ba sai da ya ji ɗanɗanon gishiri a bakinsa.

Ya yi mini alkawarin idan sanyi ya ragu zai kai ni Derry in ga unguwar da idona, da zane-zanen da ke jikin bangayenta. In Allah ya yarda zan ɗauko maka hotuna. Idan ka karanta wa 'yan majalisarku wasiƙar nan, ka rubuto mini abin da suka ce, musamman a kan maganar dattijon, don ita ce har yanzu take yi mini yawo a ka.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Dublin