Taliya a Mai Wurno

Mai Wurno gari ne na Fulani da Hausawa a ƙasar Sudan, a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Waɗanda suka kafa shi daga ƙasar Sakkwato suka taso, bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu sun iya Larabci, amma akwai gidajen da ba su saki Hausa ba.

Wata rana cikin azumi, wata tsohuwa ta aiki jikanyarta kanti. Mai kantin baƙo ne, Balarabe, bai daɗe da zuwa garin ba.

Yarinyar ta ce: «A ba ni taliya.»

Bai gane ba. Sai da ta nuna da yatsa ya ce: «Sha'iriyya!» Yaran da ke wurin suka yi ta dariya.

Ta komo gida da hawaye, ta ce: «Kaka, ba na ƙara faɗin taliya. Ashe ba sunanta ba ne.»

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta soya taliyar da mai har ta yi ja, ta zuba ruwa kaɗan da sukari, yadda ake yi a Sudan. Sannan ta ɗaga sili guda.

«Jikalle, da me ya yi kama?»

«Da gashi.»

«To, gashi shi ne sha'ar da Larabci. Su siffarta suka duba. Mu kuwa mafarinta muka duba, don an ce daga sunan Italiya muka samo taliya. Wa ya yi ƙarya?»

Wan yarinyar, ɗan sakandare, ya sa baki. Ya ce a Japan ma akwai wata taliya, sunanta soba. Da garin wani tsiro mai suna soba ake yin ta, ƙwayarsa mai kusurwa uku. Da harshensu kuma akwai wata kalma soba mai nufin «kusa». Shi ya sa a da, a birnin Tokyo, wanda ya tare a sabon gida yakan raba wa maƙwabta soba.

Kaka ta riƙe baki. «Baƙo ke rabawa? Mu baƙo ake kai wa.»

Ta cika kwano, ta rufe da faifai. Gab da shan ruwa yarinyar ta tsaya a ƙofar kanti, ta yi sallama, ta ce da Larabci: «Ga taliya, in ji Kaka.»