Ɗaurin Ƙwauri Da Gudun Ƙafa

A birnin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu, akwai wani saurayi mai wasan ƙwallon ƙafa. Ran nan ya kwashe kuɗin gyaɗarsa ya sayo wata irin safa mai matse ƙwauri, gama ya ji an ce wanda ya sa ta ba a cim masa a guje. Da kakansa ya gani sai ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, wannan ba sabon abu ba ne. Ubana ya yi yaƙin Bama a 1944, a zamaninsu kuwa soja kan naɗe ƙwaurinsu da dogon ƙyalle, tun daga idon sawu har gwiwa."

Saurayin ya ce, "Kaka, ai tawa ta likitoci ce." To, gaskiya kowannensu ya faɗa, amma da sauran bayani.

Tun a 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini kewaya jiki yake yi. Zuciya ce ke tura shi ƙasa. Komowarsa daga ƙafa kuwa hawa ne, watau kamar jawo guga daga rijiya. Naman sha-raɓa shi ke matsa jijiyoyi duk sa'ad da aka taka, a cikinsu kuma akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa baya. Don haka aka saƙa safar nan ta fi matsewa a idon sawu, ta yi ta sassautawa zuwa sama, ta taimaki jini ya hau. Likitoci kan ba da ita ga masu kumburin ƙafa da waɗanda suka daɗe kwance.

Daga nan 'yan wasa suka ara. Har wata Baturiya, Paula Radcliffe, ta sa irinta a tseren Landan na 2003, ta gama mil 26 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25. Amma da masana suka gwada mutane, da safa da kuma babu, sai suka tarar gudu bai cika sākewa ba. Dalili kuwa, mai gudu naman ƙafarsa ya riga ya kama aikin tura jini. Amfaninta ya fi bayyana bayan wasa, gama takan rage tsamin jiki kaɗan.

Akwai kuma haɗari. Ɗauri idan ya yi tsanani yakan tare jini. Mai ciwon sukari, ko wanda ƙafarsa ke yin sanyi ko mutuwa, kada ya ɗaura kome sai ya ga likita.

Saurayin nan ya sa safarsa ran wasa, amma abokansa da suka yi wata biyu suna kewaya fili da asuba suka bar shi a baya. Da ya komo gida ransa a ɓace, kakansa ya ce, "Ka dubi dawakin Sarki ran hawan Sallar Gani. Kayan ado ne ke kai su ƙofar fada, ko kiwo da kilisa? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Kashegari da asuba aka gan shi cikin masu kewaya fili. Safar kuwa bai yar ba, sai da yamma yake sa ta, in ya huta.