Rumfar Haya

Mu masu rubuta manhaja akwai tambayar da ke bin mu ko'ina, gidan biki ne ko gidan suna: "Don Allah ya za a yi kayana su riƙa fita a Instagram?" Mai tambayar galibi 'yar'uwa ce, matar aure mai haɗa turaren wuta da humra, ko wadda ke saro atamfa a Kantin Kwari ta sayar daga ɗakinta.

A da irin wannan sana'a da farantin talla take tafiya. Uwa na cikin gida, yarinya na yawo a rana da kaya a ka, makaranta kuwa sai ranar da hali ya yi. Yanzu waya ta karɓi farantin. A ɗauki hoto a ɗora, mai saye ta turo kuɗi daga Gombe, a kai ƙunshi tasha a damƙa wa direba. Ko don yarinyar nan da ta samu zama a aji, ba za mu shiga sahun masu zagin kafafen sada zumunta ba.

Sai dai mun san yadda injin yake ta ciki, shi ya sa hankalinmu bai kwanta ba. Idan kika ɗora hoto, ba duk mabiyanki ke ganinsa ba. Akwai lissafin da ke auna kowane hoto da bidiyo: wa ya tsaya ya kalla, wa ya yi magana, wa ya tura wa wani. Abin da ya riƙe ido shi ake turawa gaba, domin kamfanin da talla yake cin abinci, zaman mutane a kan waya shi ne ribarsa. Wadda ta sayi mabiya dubu goma na bogi ta cuci kanta, don ta tara 'yan kallon da ba sa motsi, lissafin kuma sai ya ɗauka kayanta ne ba su da farin jini. Haka nan ɗabi'ar ɓoye farashi, a ce sai an biyo ta saƙo. Mun san daga al'adar taya da albarka ta samo asali, amma mai saye da ke sauri wucewa take yi.

Babban abin shi ne rumfar ta haya ce, mai ita kuma yana can Amurka. A ranar 4 ga Oktoba 2021, kuskuren saiti ɗaya ya ɗauke Facebook da Instagram da WhatsApp kusan awa shida, duka a lokaci guda, saboda ukun na kamfani ɗaya ne. A watan Yuni na shekarar gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Mutanen Zamfara ma layin wayar gaba ɗaya aka katse musu a watan Satumba saboda matsalar tsaro. Ɗan kasuwar da aka tasa daga rumfarsa a Sabon Gari ya san inda zai kai kuka, ko wurin shugabannin kasuwa ko wurin mai unguwa. Wadda aka sace wa shafi da dare kuwa fom za ta cike da Turanci ta zauna jira.

Don haka amsar da muke bayarwa ba ta da armashi, har wasu kan ji kamar rowar ilimi muke yi. Mukan ce ta kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun kafin a gama cin tuwon bikin, kada kuma ta taɓa karanta wa kowa lambobin da aka turo mata, ko ya ce daga kamfanin yake. Mukan ce ta rubuta farashi a ƙasan hoto, kuma kada ta saki kaya sai ta buɗe manhajar banki ta ga kuɗin da idonta, don hoton rasiɗi kowa na iya ƙirƙirarsa.

Sannan ta sayi littafi, na takarda. Duk wadda ta taɓa sayen ko kwalba ɗaya ce, a rubuta sunanta da lambarta da garinsu da abin da ta ɗauka. Ran da shafi ya ɓace, mutum ɗari biyun da ke cikin littafin nan su za a kira ɗaya bayan ɗaya, a gaisa, a tambayi yara, a ce sabon turare ya iso.