Jihar Kaduna: Ku Yi Lissafin Rana Kafin Na Kuɗin Mota

Idan za ku je Jihar Kaduna da iyali, kafin ku tambayi kuɗin mota ku fara tambayar kanku: ƙarfe nawa za mu isa ƙofar gidan da za mu kwana? Jihar tana da faɗi, manyan garuruwanta uku, Kaduna da Zariya da Kafanchan, kowanne da hanyarsa, kuma akwai hanyoyin da ba a so magariba ta riski mutum a kansu.

Mai tasowa daga Abuja yana da jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2016. Ana hawa a Idu ko Kubwa, a sauka a Rigasa bayan awa biyu da wani abu. Tun da jirgin ya dawo aiki a watan Disambar 2022, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na shekarar, ana neman lambar NIN wajen sayen tikiti, don haka ku tanadi ta kowane babba. A ganina jirgin ya fi mota ga mai ciki da tsoho da mai ciwon suga, domin akwai banɗaki, kuma mutum zai iya tashi ya miƙe ƙafa. Zaman awanni a takure cikin mota yana kumbura ƙafa, mu da ke aikin jinya mun san haka.

Sai dai Rigasa tana can gefen gari ta yamma. Kafin ku shiga cikin Kaduna akwai sauran tafiya, ga cunkoso idan jirgi ya sauke mutane lokaci guda. Ku yi ciniki da mai Keke Napep ko tasi kafin ku loda kaya, ko ku sa wani ya zo ya tarye ku.

Kogin Kaduna ya raba garin biyu, tashoshin mota ma haka suka rabu. Mai zuwa Zariya ko Kano ya nufi Kawo, ta arewa. Mai zuwa Kachia ko Kafanchan ya tsallaka gada zuwa garejin Television, ta kudu. Tsakanin tashoshin nan biyu kaɗai, a lokacin tashi daga aiki, sai ku ɓata awa guda.

Zariya ce na fi so ku natsu a kanta, saboda da yawa ba yawon buɗe ido ke kai su ba, mara lafiya suke kaiwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Daga Kaduna kusan kilomita 80 ne. Amma Zariya ba wuri ɗaya ba ce. Akwai birni, inda fadar Sarkin Zazzau take, ana shiga ta Ƙofar Doka. Akwai Tudun Wada da Sabon Gari. Sannan Samaru, mazaunin jami'ar tun 1962, sai Shika a gaba da ita a kan hanyar Funtuwa. Idan Shika za ku, ku faɗa wa direba tun a tasha ya sauke ku a Kwangila, daga nan ku hau abin hawan Samaru da Shika. Wanda ya ce "Zariya" kawai ya yi shiru, zai iya tsintar kansa a wani gefen garin da mara lafiya a hannu. Kuma in da hali ku kwana a Zariya, ku yi sammako, domin da safe ake ganin likita. Takardar turawa da sakamakon gwaje-gwaje da magungunan da yake sha su kasance a jakar hannu, kada su shiga but.

Kafanchan kuwa tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa ce, ga duwatsun Kagoro da ruwan Matsirga a kusa, yara za su ji daɗinsu. Daga Kaduna ku ware mata rabin yini, ku tashi da sassafe. Mai zuwa daga Jos ko Abuja ba sai ya biyo ta Kaduna ba.

Hanyar Birnin Gwari kuma, kada ku hau ta sai kun tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar da za ku bi.